Dillalan Tumatir Masu Kwat

Manomin Garun Mallam ba ya buƙatar farfesa ya koya masa illar gasa. Duk rani ruwan Tiga kan sa Kadawa ta yi jajir da tumatir, kowa ya kwaso nasa zuwa kasuwar Kwanar Gafan, har kwando ya nemi fin abin da ke cikinsa daraja.

Ashe kamfanonin kwamfuta ma dillalan tumatir ne, kwat kawai suka sa. IBM ta fito da kwamfutarta ta PC a 1981, masu kwaikwayo suka wawashe ribar, ta sallama wa Lenovo ta ƙasar Sin sashen gaba ɗaya a 2005. Asus ta kawo 'yar ƙaramar Eee PC a 2007, kowa ya rufa mata baya, farashi ya zube. Intel da Microsoft kuwa, masu sayar musu da kayan ciki da manhaja, kusan ko wa ya sayar, kamashonsu na nan.

A Farm Centre da titin Beirut a Kano, kwamfuta ta hannu ce ke ci: HP da Dell waɗanda wani ofishin Turai ya gaji da su. Tun da JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta zalla a 2015, uba kan shigo da kuɗin tumatir yana nema wa yaro. Mai shago ya rantse ribarsa ba ta kai kuɗin abincin rana ba, maƙwabcinsa ya leƙo: "Alhaji, na rage dubu biyar." A sayar kusan a uwar kuɗi, a fanshe a caja da jaka.

Batiri kuwa, mai shago ya ce yana awa huɗu. Bai dai ce a kunne ba.