Sojan da Ya Shekara a Hanya Bai Ji Yunwa Ba

To, janar-janar na kan katifa, masu cin daula da yatsa ɗaya, ku matso kusa. Na san abin da za ku ce tun ban buɗe baki ba: "Malam, wasa ne fa, me ya yi zafi?" Na ji. Amma ai ku ne kuke bugun ƙirji a majalisa cewa gem ya koya muku tarihi fiye da aji, don haka yau sai mun yi lissafi.

Mu fara da Rome: Total War, wanda kamfanin Creative Assembly ya fitar a 2004. A cikinsa kowane zagaye wata shida ne. Ka ɗago runduna daga birnin Rum ka nufi Birindisi a kudancin Italiya, ta ɗan taɓa tafiya ta ja ta tsaya, wai ƙarfinta ya ƙare sai zagaye na gaba. In ta ci zagaye biyu, shekara ke nan cur. Alhali hanyar Appia da ta haɗa garuruwan nan ta ɗan haura kilomita 500 ne kawai. Sojan Rum na gaske, da garkuwa da mashi da tukunyar girki a kafaɗa, yana iya yin kilomita 25 zuwa 30 a yini, da yamma kuma ya haƙa ramin da zai kewaye sansani kafin ya kwanta. Sati uku ya isa. To naku sojan ina ya maƙale sauran wata 11? Aure ya yi a hanya?

Kada 'yan Medieval II su yi dariya, nasu ya fi ban mamaki. Zagaye ɗaya shekara biyu ne, amma janar ɗinka wata shida kacal yake ƙarawa a shekarunsa. Duniya na tsufa, shi yana nan da baƙin gemu. A Civilization V kuwa, farkon wasa zagaye guda shekara 40 ne. Mayaƙinka ya bar gida yana saurayi, kafin ya kai bayan dutsen can jikansa ya kamata a ce ya karɓi kulkin.

Ga wani can yana ɗaga hannu: "Ai mutanen dā ba su da mota, dole su yi nawa." Zauna, ɗan'uwa. A watan Satumba na 1066 Sarki Harold na Ingila ya taso daga Landan ya yi wajen kilomita 300 cikin ƙasa da mako, ya afka wa mayaƙan Norwe a Stamford Bridge suna sake da baki. A 1805 Davout, janar ɗin Napoleon, ya kawo dakarunsa daga Biyana zuwa Austerlitz, wajen kilomita 110, cikin kwana biyu. Ko nan gida, rundunar Turawa da ta bar Zariya ranar 29 ga Janairun 1903 tana bakin ganuwar Kano ranar 3 ga Fabrairu. Da ƙafa.

Na ga kun fara murmushi, kuna cewa ashe gyaran mai sauƙi ne, a ƙara wa soja gudu a huta. A nan kuma kuka sake faɗawa rami. Waɗancan tafiye-tafiye ana ba da labarinsu ne don ba kullum ake yin irinsu ba. Abin da ke ɗaure ƙafar runduna ciki ne, kuma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Soja ɗaya na cin kusan kilo guda na hatsi a yini. Mutum 20,000 ke nan buhu 200 kowace safiya, ba a zo maganar dawaki ba, waɗanda kowanne ke cin ninkin-ba-ninkin na ubangidansa. Amalanken shanu da ke ɗauke da buhunan da ƙyar yake yin kilomita 20 a yini, shanun kuma su ma baki gare su. In tafiya ta yi nisa, dabba ta cinye abin da ta ɗauko, ta iso da igiya.

Ku tambayi Napoleon ɗin da kuke ji da shi. Ya haye kogin Niemen a watan Yunin 1812 da mutum sama da 400,000, ya shiga Mosko a Satumba da kimanin 100,000. Wasu an bar su gadin hanya, wasu sun faɗi a fagen fama, amma yunwa da cuta da gudun soja sun yi masa mummunar ɓarna tun sanyi bai sauko ba. Dubban dawaki sun mutu a makonnin farko. Ku kuwa a Age of Empires II sau ɗaya kuke biyan abincin soja, ranar da aka ƙirƙire shi, daga nan azumi har ya mutu, ko ƙorafi babu.

A yi adalci, masu ƙera wasannin nan ba jahilai ba ne. In aka bar runduna ta yi tafiyar wata shida ta gaskiya a zagaye guda, za ta ratsa Turai ta ƙone maka gari ta koma gida kana zaune kana jiran a zo kanka. Dole aka ɗaure mata ƙafa don ka samu damar tare ta. Kamfanin Paradox ya fi kusantar gaskiya: a Europa Universalis IV kwanaki ake ƙirgawa, kuma in ka jibge sojoji a yankin da ba zai iya ciyar da su ba, kana kallo za su riƙa narkewa duk wata. Shi ya sa wasunku suke cewa wasan "ba daɗi".

Masu cewa dai gaskiya suke so zalla, ga doka mai sauƙi: duk zagayen da rundunarka ta kwana a ƙasar abokan gaba ba hanyar kawo mata hatsi, kai ma ka tsallake abincin dare. Sai mu ga wanda zai kai Mosko.