Laifin Tebur Ne

Tun ina yaro ban taɓa fasa kwano ba, kwanon ne ke suɓucewa. Da wannan hali na tafi karatu ƙasar Sin, kuma a can ya gamu da daidai shi: wani abin kiɗa da ake kira guqin.

Katako ne baƙi mai sheƙi, tsawonsa ya ɗan haura mita ɗaya, da tsirkiya bakwai shimfiɗe a bayansa, da ɗigo goma sha uku a gefe masu nuna wa yatsa masauki. Ba a rungumarsa kamar garaya. Kwantar da shi ake a kan tebur, kansa ya leƙo waje ta dama don maɗauran tsirkiya su rataya ba su taɓa komai ba, gindinsa kuma ya zauna kan wasu ƙafafu biyu da Sinawa ke ce wa ƙafar dinya. Hannun dama na ƙyasta tsirkiya, na hagu na danne ta a jikin katakon yana zarya gaba da baya. A zaryar nan asirina ya tonu.

Duk sa'ad da na ja yatsa sai guqin ya biyo ni kamar akuyar da ta ga dusa. Kafin in kai ƙarshen layi ya karkace, ni ma na karkace, mu duka muna kallon bango.

Nan take na gano mai laifi: teburin ɗakinmu, santsinsa kamar tangaran. Na shimfiɗa tawul, sautin ya mutu murus. Na yanka tsohon silifas na cusa a ƙarƙashi. Na tokare gefe da ƙamus, littafin da sai ranar ya yi mini amfani. Da duk suka gaza sai na koma zargin sanyin hunturu, na kuma fara ƙullatar mai kantin da ya sayar mini da guqin ɗin, bawan Allahn da har shayi ya ba ni.

Abin takaicin, kayan kiɗan natsuwa ne. An ce Confucius ya kaɗa shi, UNESCO ta sa shi cikin manyan kayan gadon duniya a 2003, kuma kiɗan da Guan Pinghu ya yi da shi na cikin faifan da aka liƙa wa kumbon Voyager a 1977. Nasa na can yana ratsa sararin samaniya. Nawa ma tafiya yake, amma zuwa bakin tebur.

Ran nan malaminmu na guqin, wani dattijo marar yawan magana, ya biyo ta ɗakina. Ya kwashe silifas da ƙamus ya aje a ƙasa, ya zaro 'yar roba mai hana santsi, ba ta kai tafin hannu ba, ya sa ƙarƙashin ƙafafun, wata kuma wajen kan. Ya kaɗa minti biyar, ko motsi abin bai yi ba. Sannan ya ɗora yatsa ɗaya a kafaɗata, wadda ta tashi har kunne.

"Sauke wannan. Nauyin hannu ƙasa yake sauka. Kai tura shi kake kamar mai niƙa."

"Na gane, Malam," na ce, har da russunawa.

Na raka shi bakin titi. A hanyar dawowa na tsaya kantin nan na tambayi kuɗin teburin guqin na musamman.