Akwatin Gilashi da Katifar Hajiya

Duk wanda ya ce kwamfuta ba ta da murya bai taɓa kwana gida ɗaya da tawa ba. Sana'ata haɗa bidiyon biki ce da ɗaukar muryar talla, kuma ɗakin baƙi na gidanmu a nan Kano shi ne ofishina. Kayan cikin kwamfutar sababbi ne, da gumin goshina na saye su, amma akwatin da na zuba su ciki tsohon ƙarfe ne mai 'yar fanka guda a baya, faɗinta milimita 80. Ƙaramar fanka ba ta da dabarar tura iska mai yawa sai ta zuba gudu, in ta zuba gudu kuwa sai kuka. Da na ɗora wa tawa bidiyon kamu ko na yinin biki, sai ta kama kuka tun hantsi har la'asar.

Ni abin bai dame ni ba, sai ranar da yaron maƙwabta ya yi sallama da roba cike da jiƙaƙƙen wake, wai in ji mamarsa a markaɗa na alala, kuma kar a cika ruwa. Ban gama farfaɗowa daga wannan ba, wani mai sayar da shadda ya dawo mini da tallarsa. Ya ce muryar ta yi daɗi, amma shi bai ce a je filin jirgi a ɗauka ba.

Ina da ƙane mai karatun injiniya, irin yaran nan da in ka tambaye su ƙarfe nawa sai sun ba ka tarihin agogo. Ya ce, "Yaya, akwati za ka canza. Ka nemi wanda gabansa raga ce, mai ɗaukar manyan fankoki, kuma kafin ka fita ka auna tsawon katin hotonka da tsayin abin sanyaya firosesa." Na ce na ji. Na kuwa ji ɗin, domin kunnuwana lafiyarsu ƙalau.

A layin masu sayar da kwamfuta na ga mai ragar, baƙi wuluk, ba ado ba kwalliya. Ina cikin juya shi sai mai shagon ya danna wani maɓalli a bayana. Na waiga, sai ga akwati gilashi gaba, gilashi gefe, fitilu suna bin juna, ja ya koma shuɗi, shuɗi ya koma kore.

"Ranka ya daɗe, wannan ba na kowa ba ne," in ji shi.

Na ce, "Iska fa?"

"Haba Alhaji! Ga fanka uku reras kana gani da idonka. Mai ragar nan ai na masu ƙaramin ƙarfi ne."

Ni ban taɓa zuwa Makka ba, amma a wannan lokacin na ji Alhajin ya zauna mini daidai. Na biya, na rungumo abina cikin Adaidaita Sahu.

Madabod, wato babban allon da kayan kwamfutar ke zama a kai, dai ya shiga lafiya, domin tun 1995 da kamfanin Intel ya fitar da ma'aunin ATX, ramukan kusoshin allon da na akwati a wuri ɗaya suke haɗuwa. Katin hoto ne ya ƙi. Ya fi wurinsa tsawo da faɗin yatsa biyu, ya tokare da ƙarfen da ake jera ma'ajiyar bayanai. Na tura ta dama, na tura ta hagu, na yi bisimilla na sake turawa. Ƙarshe mai walda na bakin layi ne ya raba gardama. Ya yanke ƙarfen, ya karɓi kuɗinsa, ya tambaye ni ko akwatin kifi ne.

Daren farko har yara na kira su zo kallo. Da gari ya waye aka fara aiki, sai fankokin nan uku suka haɗa baki da ta firosesa da na katin hoto, suka tayar da amon da tsohuwar fankata ba ta taɓa mafarkinsa ba. Da na leƙa da kyau sai na ga dalili. Fankokin gaban manne suke da gilashi, kuma hanyar iskar da aka bar musu wata 'yar siririyar tsaga ce a gefe. Juyawa kawai suke, suna laluben iskar da babu. Lokacin kuwa watan Afrilu ne, sa'ad da zafin Kano kan taɓa digiri 40. Na duba allo na ga firosesa ta kai 95. A kusa da nan yawancin na zamani suke fara rage wa kansu gudu don kada su ƙone, saboda haka bidiyon da a da nake gamawa kafin la'asar ya koma sai bayan isha'i.

Na kira ƙanena ina faɗa. Ya ce, "Yaya, fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take ɗebowa. Turawan da kake gani suna gwada akwatunan nan, a ɗaki mai digiri 21 ko 22 suke yi. Duk abin da ka ƙara a zafin ɗaki, sai ya hau kan zafin firosesa. Wanda ya nuna 75 a can, a ɗakinka ya haura 90." Na kashe wayar, domin ban kira shi don lissafi ba.

Mutum ɗaya ce ta ga alheri a lamarin. Wata safiya na shigo na tarar da kwano rufe da tsumma a saman akwatin. Uwargida ta ce, "Maigida, don Allah kar ka kashe, ƙullin fanke ne. Tunda nake ban taɓa ganin wurin da yake tashi da wuri irin nan ba."

Daga nan na shiga bincike da kaina. Na gano akwai kamfanoni, irin su Fractal Design na Suwidin da be quiet! na Jamus, da ke ƙera akwatuna masu soso a jikin bangonsu don shanye ƙara. Na duba kuɗinsu, na duba aljihuna, sannan na duba katifar da ke jingine a kusurwar ɗakin, wadda Hajiya mahaifiyarmu ke kwana a kai in ta zo ganin jikoki. Soso ai soso ne, ko a Jamus ko a Kano. Na sa reza na yanko daga wajen ƙafa, ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, na mayar da rigar katifar na zuge. Na liƙe bangon akwatin ciki da bai, sannan na bi duk wata kafa da salatif, har da 'yar tsagar nan ta gefe, tunda ta nan ƙarar ke fitowa.

Ranar gwaji ta zo daidai da ranar da ƙanin wani ango ya zo karɓar bidiyo, amarya da danginta suna can suna jira. Na ba shi kujera da ruwan sanyi, na danna, na harɗe ƙafa. Da farko wani gurnani ne can ƙasa-ƙasa. Sai gurnanin ya yi ta hawa. Layin aiki ya wuce rabi, ya doshi ƙarshe, sai ɗif. Allo ya yi baƙi, fitilu suka mutu, ɗaki ya yi tsit. Baƙona ya ɗaga kai ya dubi ƙwan lantarki, ga shi yana ci.

"Malam, lafiya?"

Na ce, "Hutawa take yi. Sababbin haka suke."

Gaskiyar magana, kwamfuta in zafi ya wuce abin da rage gudu zai magance, kashe kanta take yi. Na taɓa gilashin na janye hannu ba shiri. Ƙanin ango ya tafi da alƙawari, ya kuma bar mini wasu kalmomi da ba na rubutawa ba ne.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na ɓanɓare soson, na koma kasuwa na kwaso fankoki, na cika duk gurbin da ke jikin akwatin, sama da baya da gaba. Kuma dukkansu na juya su suna fitar da iska waje. Hujjata mai ƙarfi ce: zafi ake kora, wa zai tsaya gayyato baƙo? Da damina abin ya ɗan lafa, ƙarar dai tana nan, amma ba a sake mutuwa a gaban baƙi ba.

Sai hunturu ya kama. Ƙurar da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta sauka a gari. Akwatin da ke fitar da iska fiye da yadda yake shigar da ita kuwa dole ya rama ta wani wuri, sai ya riƙa zuƙa ta kowace kafa: ramukan kebul, bakin ƙofa, tsagar da mai walda ya bari. Ba a jima ba fitilun nan masu launi suka koma launi ɗaya, ruwan ƙasa. Da na buɗe, haƙoran ƙarfen abin sanyaya firosesa sun toshe da wata ƙura mai kauri wadda ake iya ɗagowa da yatsa a dunƙule. Na ari injin hura iska, na fito da akwatin tsakar gida na sakar masa. Ban lura da igiyar shanya ba sai da hazon ya lafa. Fararen kayan makarantar yara ne a kai, wankin safiyar nan, ko bushewa ba su yi ba.

A cikin wannan yanayi na zaman doya da manja Hajiya ta iso. Da dare aka shimfiɗa mata katifa, ta miƙe ƙafa, sai dugaduganta suka faɗa rami. Da asuba ta sa aka kira ni.

"Kai, me ya sami katifar nan?"

Na durƙusa na ce, "Hajiya, ɓeraye sun yi yawa a unguwar nan."

Ta zuge rigar katifar, ta shafa yankan da tafin hannu. "Ɓeran da ke yanka a miƙe, kusurwa huɗu? Lallai ɓerayen birni sun yi boko." Uwargida da ke bakin ƙofa ta kama tari. Ba ta tashi daina tarin ba sai da ta zayyane labarin tun daga wake har zuwa shanya. Hajiya ta saurara har ƙarshe, sannan ta yanke hukunci: "A kira ƙaraminku. Kai kuma ka zauna ka yi kallo."

Ƙanena ya zo da awo a aljihu. Ya auna katin hoto, ya auna tsayin abin sanyaya, ya rubuta a takarda, ya je ya dawo da baƙin akwatin nan mai raga. Ya sa manyan fankoki biyu masu milimita 140 a gaba suna shigar da iska ta bayan matatar ƙura, da guda mai 120 a baya tana fitarwa. Sauran nawa ya tara su a leda.

Na ce, "Uku kacal?"

"Yaya, ɗaki mai taga gabas da yamma ya fi ɗakin da aka cika da fanka aka kulle ƙofa. Iska hanya take so, ta shiga nan ta fita can. In mai shigowa ta ɗan fi mai fita yawa, ragowar ita ke turo kanta waje ta ramuka, ƙura ba ta samun ƙofa sai ta matata. Matatar kuwa zarewa za ka yi ka kakkaɓe, da hunturu kowane mako."

Ya nuna mini cewa iska tana fita ne ta fuskar fankar da ke da sandunan da suka riƙe injinta, yawanci ma akwai 'yar kibiya a gefe. Ya ce babbar fanka tana tura iskar da ƙarama ke turawa alhali tana juyi a hankali, kuma kowace fanka da ka ƙara tana da kuɗinta a kunne: biyu masu amo ɗaya sun fi guda da desibel 3, ƙarin desibel 10 kuwa kunne yakan ji shi ninki biyu. Ya sauke akwatin daga kan kafet ya ɗora a benci, don na'urar raba wuta ta ƙasa take shaƙa. Ya shiga BIOS, wato saitin madabod, ya tsara wa fankokin, masu waya huɗu, yadda za su riƙa tafiya sannu sai zafi ya hau su ƙara.

Sannan ya ce, "Anti, a taimaka mini da kaskon turaren wuta."

Ya riƙe kaskon a gaban ragar. Hayaƙin da ke tashi sama a miƙe ya karkata, ya sirance, ya shige ta raga. Muka leƙa ta gefe muna kallonsa ya ratsa kan katin hoto, ya bi ta haƙoran abin sanyaya, ya fito ta baya. Hajiya ta ce, "Ikon Allah." Na ɗora bidiyo mafi nauyi da nake da shi, na kasa kunne. Sai da na sunkuya na kai kunnena jikin ragar kafin na ji hucin iska. Na gyara murya na ce dama tsarin da nake shirin yi ke nan, lokaci ne bai ba ni ba. Babu wanda ya tanka.

An yi mini lissafi a gaban Hajiya: sabuwar katifa, sabulun wanki, da kuɗin mai na injiniya. Akwatin gilashi kuwa na so in sayar, uwargida ta ce a bar mata. Ta kwantar da shi a ɗakin ajiya, ta zare murfin gefe ɗaya ta ɗaura gidan sauro, ta shimfiɗa ɓuntun shinkafa, ta rataya ƙwan lantarki, ta zuba 'yan tsaki. A makonsu na farko ɗumin da suke so ya kai digiri 32 zuwa 35, ga shi kuma ana tsakiyar sanyi. Ko ɗaya bai mutu ba. Yanzu matan layinmu har zuwa suke kallo ta gilashi, ina ji tana gaya musu, "Ai maigidan ne ya zaɓo da kansa. Shi wajen sanin abin da ke riƙe zafi, ba a kai shi ba."