Masu neman hotunansu a Kalfu

Duk mai kwamfuta a Kalfu ya san su. Bayan la'asar suke sallama, buƙata ɗaya: a sauko masu da hotuna daga rumbun Google a zuba a kile, su kai Tawa a wanke.

Akwai Baba Ban-sani-ba. Ka tambaye shi adireshin Gmail, ya ce, "Mi ne ne shi, ɗana?" Yaron da ya sayar masa da Tecno a kasuwar Tawa shi ya buɗe, yaron kuma ya yi Agadas. Magana ta ƙare.

Mai iPhone ba ya zama kan tabarma. Nasa suna iCloud, in sun sauko da HEIC suke zuwa, tsohuwar kwamfuta ta ƙi buɗewa. Sai ya dube ta da tausayi.

Hajiya ta share hotunan suna don ta samu wuri, ba ta san sharewar ta kai har rumbun Google ba. Allah ya sa akwai kwandon shara.

Gwanina shi ne ɗan ci-rani da ya dawo daga Abijan. Turarensa ke riga shi shigowa. "Malam, aikin minti biyu ne." Salularsa ta ɓace a Ajame can Abijan, amma lambar sirri tana kansa daram: sunan tsohuwarsa. Ba ita ba ce. Sunan tsohuwa da shekarar haihuwa. Ba ita ba ce. Sai ya waiga, ya rage murya, ya faɗi sunan wata Awa wadda ba a san da zamanta ba a gida. Ta buɗe! Nan Google ya ce ya tura kod zuwa layin da ya fara da +225. Ina layin? Yana hannun aboki. A kira aboki, yana tsakiyar kasuwa, yana karanto lambobi rabi Faransanci rabi Hausa, kafin a daidaita kod ya mutu. Ranar da aka samu shiga, ashe giga 15 na kyauta sun cika tun bara da bidiyon kokowar Issaka Issaka. Hoton da ake wahala dominsa, wanda ya ɗauka jingine da motar wani, bai taɓa hawa ba.

Akwai kuma mai kwamfutar, wanda duk abin da ya fi ƙarfinsa sai ya gyaɗa kai ya ce, "Rezo ne." Shi ba zan taɓa shi ba, akwai sanayya.

Wanda ba na yi wa dariya shi ne mai zuwa bayan isha'i da salular matarsa a aljihu, wai a buɗe masa "ya ga wani abu". Ba hoto ya ɓace masa ba, leƙen asiri ya kawo shi, kuma so yake in riƙe masa fitila. Malam, koma gida ka tambaye ta. In ta yarda, ku zo tare da rana, ita ta buga lambarta da hannunta.