Jinjina ga Masu Cinye Andalus a Kwana Huɗu

Madalla da wanda ya ƙirƙiro ziyarar kwana huɗu zuwa Andalus, a kudancin Sifen. Daga shekarar 711 da Ɗariƙu ɗan Ziyad ya tsallaka teku, zuwa 2 ga Janairun 1492 da Sarki Abu Abdullahi ya miƙa makullan Garnaɗa, shekara 781 ke nan ana mulkin Musulmi a wannan yanki. Sai ga gwanaye sun ƙunshe su duka a kwana huɗu, kusan shekara ɗari biyu a kowace rana, har da ragowar lokacin sayen tsaraba. Allah Ya ƙara basira.

A fara yaba wa jirgin ƙasa. Yana tashi daga Madarid, ya sheƙa gudun da ke kai kilomita 300 a awa, kafin awa biyu ya sauke ka a Ƙurɗuba. Gonakin zaitun da fararen ƙauyuka suna gilmawa ta taga, an hutar da matafiyi wahalar sauka ya yi wa manomi sannu da aiki. Ba kuma mai jan sa ya hau duwatsun Alfuharas, inda har yau ruwan ƙanƙarar da ta narke yake bin magudanan da aka haƙa tun zamanin Musulmi, manoma suna rabon sa bi da bi. Me mutum zai tsinta a magudanar ruwa? Wa zai danna mata alamar so a Instagram?

Sai babban masallacin Ƙurɗuba, wanda Abdurrahman na Ɗaya ya soma ginawa wajen 785, mai ginshiƙai sama da 850 da bakuna masu ratsin ja da fari, ɗaya bisa ɗaya. Jagora na gaba da lemarsa a sama yana faɗin, "Ku matso, ku matso, saura minti goma!" Bawan Allah ya kyauta. Da ya bar mutum ya daɗe, da ya lura cewa tun 1236 wurin ya koma coci, cewa a ƙarni na 16 an fasa tsakiyarsa an dasa wani ƙaton gini, cewa mihrabin yana bayan shinge, kuma duk wanda ya ɗaga hannu zai ta da salla masu gadi za su tsayar da shi. Da ransa ya sosu. To wa ya biya Yuro 90 kuɗin biza, ya sha layi, don ya je ransa ya sosu?

Amma babbar falalar wannan ziyara ita ce yadda take kare Bahaushe daga haɗuwa da malamansa. Alfazazi mai Ishiriniya, wadda ake rerawa a zaurukan Kano da Sakkwato da Damagaram, mutumin Ƙurɗuba ne. Haka Ƙurɗubi mai tafsiri, sunansa ma ya nuna. Ibn Malik, wanda Alfiyyarsa ta hana ɗaliban nahawu barci, haifaffen Jayyan ne, garin da bai kai tafiyar awa biyu daga nan ba, sai dai ba ya cikin jadawali. Ibn Asim mai Tuhfa, littafin da alƙalanmu suka daɗe suna yanke hukunci da shi, alƙalin Garnaɗa ne. Mutum ya tashi da baitocin waɗannan bayin Allah a kunne tun yana goye, ya taka garuruwansu da ƙafarsa, ya fito bai san ya taka ba. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai, domin ba kowane mai ziyara ne yake da irin wannan gado a can ba. Sai dai a gaida kamfanin tafiye-tafiye, da ya tsara abin tsaf yadda ba wanda zai ɗauko nauyin gado ya ƙara a kan kilon jakarsa.

A fadar Alhamra ta Garnaɗa kuwa tsari ya kai maƙura. An buga maka lokacin shiga a jikin tikiti, ka makara ka yi asara. Ka tsaya gaban zakunan dutse goma sha biyu da ke ɗauke da kwarmin ruwa. Bango kuma cike yake da rubutun Larabci, taken sarakunan Banu Nasar ana ta maimaita shi, cewa babu mai rinjaye sai Allah. Baturen da ke gefe sai an fassara masa. Namu da ya yi makarantar allo zai iya karantawa da kansa, shi ya sa yake gyara zaman hula, ya juya wa rubutun baya, ya ɗaga waya. Hoton yana fitowa da kyau, gaskiya.

Da yamma a zauna shan kofi a dandalin Bib Rambla. Wuri ne mai daɗin iska, kuma ba mai ɓata maka shi da labarin tarin littattafan Larabci da aka ƙone a nan wajen 1500 bisa umarnin babban limamin coci Sisneros. Ba mai tuna maka Yahudawan da aka kora a 1492, ko jikokin Musulmi kimanin 300,000 da Sarki Filib na Uku ya fitar daga ƙasar tsakanin 1609 da 1614. Daga nan a hau unguwar Albaisin ɗaukar hoton faɗuwar rana a dandalin San Nikolas. Masallacin da Musulmin Garnaɗa suka buɗe a 2003 yana maƙwabtaka da wurin, amma magariba ta zo daidai da lokacin da haske ya fi kyau, kuma hasken ba ya jira.

Mutanen gari ma sun amfana. An mayar da gidajen hayarsu masaukin baƙi na kwana biyu-biyu, haya ta yi tashin gwauron zabo, har dubban mazauna Malaga suka fito kan titi a watan Yunin 2024. Ga su nan sun samu motsa jiki kyauta.

Rana ta huɗu ta Ishbiliya ce. A ɗaga kai a kalli hasumiyar Hiralda, wadda Muwahhidawa suka kammala a 1198 don kiran salla, yanzu ƙararrawa ce a samanta. A sayi maganaɗisun manna wa firji, a kama hanyar filin jirgi. In an dawo gida aka je gaida malam, ya ce, "Alhaji, yaya ka baro Andalus?" amsa a shirye take: "Lafiya lau, Allah Ya gafarta Malam. Wallahi ƙasar akwai tsafta, ga wuta ba ta ɗaukewa."