Waya ta yi ƙara, kowa ya shafa aljihu

Mu dai a Kusfa, unguwar malamai, in mutum ya kawo hadisi sai mun tsare shi da tambaya: wa ya ruwaito, a wane littafi? Amma da zarar waya ta yi tsuwa, "Da ɗumi-ɗumi" ya faɗo saman fuskarta, shi ke nan an rufe bincike. Layi ɗaya muke karantawa, ba ma buɗe labarin, ai buɗewa cin data ne, sai mu zarce majalisa mu baje sharhi kamar da mu aka yi zaman a Abuja.

Kuma kowa rantsuwa yake bai taɓa neman saƙonnin nan ba. Haba Malam, ka nema mana! Ranar da ka buɗe Opera News ko Facebook a sabuwar Tecno ɗinka, an tambaye ka da Turanci ko a riƙa taɓo ka, ka danna amincewa don dai ka wuce. Tun ranar aka yi wa wayarka lamba. Gidan jarida bai san ka ba, bai san Ƙofar Doka ba. Kanun labarin yake miƙa wa na'urorin Google, su cilla wa duk wayar da ke cikin jerin. In datarka ta ƙare, wasu saƙonnin su tsaya jira, kana kunnawa su antayo, har da na jiya, ka kai wa mutane tsohon zance kana haki. Ko rasuwar Sarkin Zazzau Shehu Idris, ran 20 ga Satumba 2020, da yawanmu a aljihu ta riske mu kafin mai shela.

A sahun Azahar waya ɗaya za ta yi ƙara, mutum biyar su motsa. Liman ya yi nasiha har ya gaji, babu mai kashe sautin, kuma duk mun san dalili: kada alat na banki ya shigo ba a ji ba. Ana sallamewa a zaro, ashe kallon kitse aka yi wa rogo, Arsenal ce ta sha kashi.

Sai daren duban wata. Baba da ke cewa waya fitina ce shi zai fara zungurar jikansa: "Kai, duba mana, Sarkin Musulmi ya yi magana?" A duba a faɗa masa, ya ce tukuna, a miƙo masa rediyonsa.