Dattijo a Kan Tsani

Wajen 1850, Carl Spitzweg, mai haɗa magani ɗan birnin Munich da ya koma zane, ya ɗora wani dattijo a can saman tsanin ɗakin karatu a wani zanensa. Littafi ɗaya ya manna a hanci, wani buɗe a hannun dama, na uku a hammata, na huɗu matse tsakanin gwiwoyi. Hankici na zazzagowa daga aljihu, shi ko a jikinsa.

Masu kallo sukan yaba shirun wurin da hasken da ke sauka a kansa. Ni dai tsanin nake dubawa. In atishawa ta kama bawan Allah, sai ya zaɓa tsakanin falsafa da ƙugunsa, kuma duk faɗin ɗakin babu mai ce masa sannu.